Gafakar Inna Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da dabbobi ke cin kasuwa, babu inda suka fi yin cincirindo a ƙasar Gwandu kamar garuruwa uku da ke kan hanya ɗaya. Akwai Aliero ta wajen hanyar Sakkwato, garin albasa da masu ɗori. Akwai Maiyama daga kudu, inda hanya ta miƙe zuwa Koko da Yawuri. Tsakaninsu kuma ga Jega a bakin gulbin Zamfara, garin da Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa bayan jihadi, wanda kasuwarsa ta yi suna tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja. Ɗan kasuwa kan yi asuba a Aliero, ya yi azahar a Jega, magariba ta riske shi a Maiyama, kuma duk inda ya yada zango sai ya ba da bashi ko ya karɓi biya.

Kowane ɗan kasuwa da gafakarsa. A ciki akwai takardun yarjejeniya warwatse, kowace da dangwalen mai ita, sannan akwai kundi guda ɗinkakke wanda ba a cire masa shafi. A kundin nan ake rubuta komai, daga wanda ya ci bashi da wanda ya biya, har zuwa launin tawadar da mai gafakar ya fi so. Yawo da gafaka shi ne wahala. Ta Rago ta faɗa gulbi wata damina, ta Zomo kuma Kura ta tare shi a hanya ta ƙwace. Da koke ya yi yawa, Zaki ya tara fadawa aka yanke shawara: a gina babban rumbu a Jega, a ajiye asalin gafakar kowa a ciki, a ba Kunkuru riƙo. Aka naɗa Ƙadangare magatakardan Aliero, Bushiya ta Maiyama, Tantabara kuma 'yar aike.

In ka isa rumfar magatakarda sai ka faɗi sunanka da kalmar sirrinka, Tantabara ta tashi zuwa Jega ta kawo kwafin gafakarka, ka yi hada-hadarka a kansa. In za ka tashi ka ce a rufe, a buga wa duk abin da ka taɓa hatimin lokaci bisa caran zakaran garin, a mayar Jega. Ranar da aka kafa wannan doka Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Ranka shi daɗe, in abin da ya dawo ya saɓa da abin da ke rumbu fa?"

Zaki ya ce, "Dubi hatimi. Wanda ya zo ƙarshe shi ne gaskiya. Ɗayan ka sa shi murhu, kada rumbu ya cika."

Fadawa suka ce gaskiya ne, aka watse.

Ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha da jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 za su gane wannan rumbu tun ban faɗa ba. Tun zamanin Windows NT, cikin shekarun 1990, kamfanin Microsoft ya tanadi tsarin da bayanan mutum ke bin sa duk kwamfutar da ya zauna a kai a ma'aikata ɗaya: takardunsa, hoton fuskar allonsa, saitin manhajojinsa. Asalin yana kan babbar kwamfutar ajiya, wato uwar garke. In ya shiga da sunansa a kwaso masa kwafi, in ya fita a mayar. Daga Windows 2000 aka fara gwada fayil da fayil, kowanne a ɗauki wanda lokacinsa ya fi sabunta. Amma akwai fayil guda mai suna NTUSER.DAT da ke ɗauke da saitin mutum gaba ɗaya, shi ba a tsaga shi a ɗauki rabi nan rabi can. Ko a ɗauke shi dungurungum, ko a jefar da shi dungurungum. Shi ne ɗinkakken kundin.

Shekaru suka shuɗe ana sa wa Zaki albarka, har aka zo kan Inna Akuya.

Inna Akuya na cikin manyan masu sayen albasa a Aliero. In damina ta ja baya takan ba manoma bashin iri da taki da kuɗin man injin ban-ruwa, su biya ta da albasa in an cire. Jaki na cikinsu, buhu 12 ke kansa. Ya yi dashe a fadama, ya yi ta ban-ruwa cikin sanyin hunturu har kofatansa suka yi faso. Allah ya ba shi amfani. Ranar da ya kawo biya, ita da kanta ta tsaya a kan kayan. Ta sa aka zazzage buhu biyu a ƙasa, tana ɗaukar albasa ɗaya bayan ɗaya tana latsa wuyanta, don a nan ruɓa ke fara ɓuya, tana kai ta hanci. Ɓawon ja ne busasshe, yana ƙaraf-ƙaraf in an murza.

Ta ce, "Madalla, Malam Jaki. Wagga albasa ta sha rana yadda ya kamata. Magatakarda, rubuta: ya biya, babu saura ko ƙwaya."

Ƙadangare ya gyaɗa kai ya rubuta a kundi. Ta zaro takardar yarjejeniyar Jaki ta kekketa, ta tauna ta haɗiye a gabansa, yadda akuya kan yi da takarda. Jaki ya yi kukan murna da aka jiyo har Sabiyal. Sauran albasarsa ya kai rudu ya jera a kan dandamalin kara, ya rufa da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, yana jiran damina lokacin da albasa ke tsada. La'asar sakaliya Inna Akuya ta ce a rufe gafaka. Tantabara ta kai Jega, Kunkuru ya adana. Da dare ta hau kan lodin mota, sai kasuwar Mile 12 a Legas, daga can kuma tana da niyyar wucewa Kumasi.

Abin da ta mance shi ne, tun da sassafe ɗanta Bunsuru ya tafi Maiyama sayen gero, kuma ta taɓa ba shi kalmar sirrinta. Da ya isa ya buɗe gafaka da sunanta, Tantabara ta kawo masa kwafin safiya, wanda har yanzu bashin Jaki ke tsaye a ciki. Bai saya ba bai sayar ba. Abu ɗaya ya yi, ya ce wa Bushiya baƙar tawadar nan ta gundure shi, a rubuta a kundi cewa daga yau ja ake so. Sannan ya tafi ya ci ya ƙoshi, ya kwanta gindin tsamiya, barci ya kwashe shi. Sai bayan isha'i ya farka ya ce a rufe.

Kunkuru ya ɗora kundi biyu a gaban fitila. Na Aliero hatiminsa la'asar, na Maiyama hatiminsa isha'i. Ya jefa na Aliero a murhu. Da ya ci gaba da jera takardu sai ya ga wata a kwafin Maiyama wadda babu ita a rumbu, mai dangwalen kofaton Jaki. Ya ce lalle wannan sabuwa ce aka ƙulla yau, ya saka ta inda 'yar'uwarta ta fita. Washegari Bunsuru ya buɗe gafaka a Aliero. Kwafin Jega ya iso da hatimin da ya fi na rumfar sabunta, Ƙadangare ya gyaɗa kai ya goge nasa ya ɗora wannan. Shaida ta ƙarshe ta tafi ke nan.

Bayan kwana uku Bunsuru ya yi sallama a gonar Jaki.

"Baba Jaki, Inna ta bar mini riƙon kasuwa. Na duba kundi na ga buhu 12 na nan a kanka."

"Haba ɗana! Ai na biya, gaban magatakarda. Takardar ma ina kallo mahaifiyarka ta cinye ta."

"To, Baba, wannan fa?"

Jaki ya karɓi takarda ya juya ta gaba da baya. Kofatonsa ne, har da tsagar da ke gefen hagu. Suka ɗunguma zuwa rumfa. Ƙadangare ya ce yana tuna kamar an yi haka, amma kundi bai faɗa ba, shi kuwa ba ya jayayya da Jega. Suka aika Jega, amsa ta dawo cewa abin da ke rumbu shi ne abin da ke rumfa, ga shaida biyu sun dace. Aka buɗe rudun Jaki aka auni buhu 12, Bunsuru ya sayar a farashin lokacin cira, sa'ad da albasa ta cika kasuwa har ana roƙon masu saye.

Abin da ke ci mini rai a wannan wuri shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Bunsuru ya bi kundi, Kunkuru ya bi doka, Tantabara ba ta yar da komai a hanya ba. Haka abin yake faruwa a ofisoshi. Ma'aikaci ya bar sunansa a buɗe a kwamfutar ɗakin taro, ya koma teburinsa ya wuni yana aiki, ya goge abin gogewa, ya gyara abin gyarawa, ya fita. Da yamma wani ya ga waccan kwamfutar a kunne ya fitar da shi, tsohon kwafi ya hau uwar garke. Gobe saitinsa ya koma na jiya, fayilolin da ya share sun dawo suna kallonsa, kuma kwamfutar ba ta yi masa ko tari ba, domin a lissafinta aiki ya yi kyau. Kuskuren da ke ihu ana tare shi. Wannan shiru yake zuwa, kuma kan wanda ya yi komai daidai yake sauka.

A hunturun nan ne kuma aka tashi da hazo mai kauri, har ba a ganin ƙetaren gulbi. Tantabara ta kasa tashi. Kurciya mai sayar da gabu da busasshen barkono ta zo rumfar Maiyama, Bushiya ta ce gafakarta ba ta iso ba, amma ga ta aro. A bakin gafakar aron akwai ɗan rubutu ƙanana cewa duk abin da aka sa a ciki za a ƙona in an rufe. Kurciya ba ta iya irin wannan rubutu ba, Bushiya kuma jama'a sun yi mata yawa. Ta wuni tana ba da kaya bashi tana sa a rubuta. Da magariba aka rufe, aka ƙona. Windows ma takan yi haka in ta kasa ɗauko bayanan mutum: ta buɗe masa na wucin gadi, ta leƙo da gargaɗi a kusurwar allo, in ya fita ta share. Ga kuma ɗauke wuta tsakiyar mayar da kwafi, wanda mu nan ba baƙonmu ba ne.

Gizo yana gefe yana kallon duk wannan, yana lissafi. Da ya gane bakin zaren sai ya tafi Maiyama ya buɗe gafakarsa, ya ce wa Bushiya, "A bay ta a buɗe, yanzu zan dawo." Ya garzaya Aliero ya sake buɗewa, ya bi masu bashinsa ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi biya, ya yayyaga takardunsu a gabansu har yana sa musu albarka, ya rufe. Sannan ya koma Maiyama cikin dare ya rufe waccan. Da safe duk takardun sun dawo rumbu. Ya ci Zomo sau biyu, ya ci Ɓera sau uku. Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, haƙƙin mutane ne." Ya ce, "Yufe mini baki, Ƙoƙi. Ni na yubuta doka?"

Sai da aka yi ruwan shuka Inna Akuya ta dawo. Ta haɗu da Jaki a bakin kasuwa ya rame, ta gaishe shi ya amsa a daƙile. Da ta ji labari ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta kira Bunsuru ta ce, "Kai yaro, ka san abin da ka ja mini?" Ya kawo kundi ya buɗe mata. Ta daɗe tana kallon jar tawada. Ranar Juma'a, ranar kasuwar Jega, ta ja Jaki har gaban Zaki, Kurciya da Zomo da Ɓera suka bi baya. Zaki ya ce a kira Dila malamin daji.

Dila ya ce, "Ma'aji, kundin da ka ƙona, ka karanta shi?"

"Allah gafarta Malam, ba a ce in karanta ba. An ce in dubi hatimi."

"Hatimin mi yake faɗa maka?"

"Lokaci."

"Lokacin wa?"

"Na zakara."

Dila ya sa aka kawo zakarun garuruwan uku, aka kifa kowanne ƙarƙashin kwando, fada ta kwana tana saurare. Na Maiyama ya yi cara, aka daɗe, na Jega ya yi, sai da gari ya fara haske na Aliero ya buɗe baki. Fadawa suka yi tsit. Dila ya ce wannan ƙaramar matsalar ce, ana iya sa su riƙa bin caran na Jega. Ya juya ga Zaki.

"Ranka shi daɗe, ko zakarun sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, hatimi ba zai gaya mana wanda ya yi aiki ba, sai dai wanda ya yi jinkiri. Inna ta karɓi buhu 12 ta rufe da wuri. Yaron nan ya sauya tawada ya yi barci. Doka ta ba barci gaskiya."

Zaki ya sunkuyar da kai, don shi ya kafa ta. Ya ce, "To, Malam, mi ka gani?"

Dila ya ce takardun bashi su daina yawo, su zauna Jega, mai buƙata ya aika a karanto masa ko a rubuta masa a can. Tantabara ta ce in haka ne fukafukanta za su ƙare, kuma ranar hazo kasuwa ta mutu ke nan. Dila ya ce gaskiyarta, ranar hazo magatakarda ya faɗa wa mutum da baki, da harshen da yake ji, cewa yau babu Jega, ya riƙe shaidunsa. Ya ce kowace gafaka a yi mata mabuɗi ɗaya, in yana Maiyama ba ya Aliero. Inna Akuya ta ce wannan zai takura ta ita da ɗanta. Ya ce a yi wa yaro tasa gafakar. Sannan ya zo kan wadda ta fi nauyi: in kwafi biyu suka saɓa, kada a ƙona ko ɗaya, a ajiye su gefe da gefe a kira mai su ya zaɓa.

Kunkuru ya ce, "Rumbu zai cika, Malam."

"A ƙara gini, Ma'aji. Laka ta fi albasar Jaki araha."

Masu kula da kwamfutoci sun bi waɗannan hanyoyi duka. Tun Windows 2000 ana iya barin takardun mutum a kan uwar garke yana taɓa su daga nesa, maimakon kwasowa da mayarwa. Windows Server 2003 ta zo da hanyar adana tsofaffin kwafin fayiloli don a iya komawa na jiya, sai dai ba ta aiki sai mai kula ya kunna ta. A 2018 Microsoft ta sayi FSLogix, wanda ke zuba bayanan mutum duka a faifai guda na cikin na'ura, a maƙala masa shi inda ya zauna, kuma bisa saitinsa na asali wuri ɗaya ne ke riƙe da shi a lokaci guda. Kowace cikinsu tana son layi mai ƙarfi da wuta tsayayya da wurin ajiya, abubuwan da sai an kashe kuɗi a garuruwa irin namu. Duk da haka na fi son shugaban ma'aikata ya ji zafin wannan kuɗi a kan ƙaramin ma'aikaci ya rasa aikin mako guda a kuma ce sakacinsa ne.

Zaki ya sa hannu, amma Dila ya roƙi kada a yi shela sai bayan kwana bakwai. Gizo bai ji ba, ya sake yin yadda ya saba. Juma'ar da ta zagayo aka kira shi fada, aka shimfiɗa masa kundi biyu, ɗaya na cewa Ɓera ya biya, ɗaya na cewa bai biya ba, duka da sunansa, duka na yini ɗaya. Zaki ya ce ya zaɓa. Ya ce, "Yanka ya daɗe, sayki, bayi in yi shawaya da Ƙoƙi." Ya yi wuf ya haye bango ya shige cikin jinkar rumbu. Aka buɗe gidansa aka mayar wa Zomo da Ɓera kayansu.

Inna Akuya ba ta jira hukunci ba. A gaban fada ta ƙirga wa Jaki kuɗin buhu 12 a farashin damina, ta ce, "Malam Jaki, ka yafe mana." Ya ce ya yafe, amma bana in zai biya sai ya zo da shaidu biyu masu numfashi.

Kurciya ce ba a samo mata komai ba. Gafakar aro ba ta taɓa isa Jega ba, balle a ce akwai na biyu da za a gwada. Zaki ya sa aka yi shela a Maiyama har Andarai da Mungadi, cewa duk wanda ya karɓi gabu ko barkono ranar hazo ya tuna ya kawo kuɗi. Wasu sun kawo. Sauran har yau tana bin su gida-gida.

Ƙungurus kan kusu.